Haƙori mai zogi da ruwan sanyi: wane magani ya cancanci kuɗinka a Maradi

Idan kurɓar ruwan randa da safiyar hunturu ko ƙanƙarar azumi ta sa haƙori ya yi maka zirr har ƙwaƙwalwa, sannan ya lafa cikin 'yan daƙiƙoƙi, galibi dasashi ne ya janye ko farin ɓawon haƙorin ya zaizaye. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan kafofi da suka nufi jijiya. Magani na gaskiya ko dai ya toshe kafofin, ko ya kwantar da jijiyar.

Ni dai zaɓina man goge baki ne mai sinadarin nitrate de potassium kashi 5 cikin ɗari, haɗe da fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, wajen 1450 ppm (ma'aunin yawansa a cikin man), kamar yadda ake samu a wasu nau'o'in Sensodyne. Jijiyar yake kwantarwa, amma sai da haƙuri: safe da dare, minti 2, mako 2 zuwa 4 kafin a ji bambanci sosai. A nan mutane ke kuskure, kwana 3 sai su ce ba ya aiki. Ɗan kamar ƙwayar wake ya isa, da buroshi mai laushi. Ka tofar da kumfar, kada ka kurkure baki, don ruwa na wanke maganin. Kafin barci ka lakata kaɗan ka shafa a gindin haƙorin. In ka daina, zogin na dawowa. Bayan tsamiya, zoɓo ko lemon kwalba, jira kamar rabin awa kafin gogewa, domin tsami ya riga ya tausasa ɓawon.

Man Colgate Sensitive Pro-Relief mai sinadarin arginine kashi 8 cikin ɗari toshe kafofi yake yi, a murza da yatsa minti 1; ya fi saurin kawo sauƙi. Fentin fulorayid da likitan haƙori ke shafawa a kan haƙori ya fi duka ƙarfi, sai dai akan sake bayan watanni. Kanumfari ɗan kashe zafi ne kawai, mansa kuma na ƙona dasashi. Gawayi, toka da gishiri kuwa ƙara kankare haƙorin suke yi.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Kwalinsa sak na asali, ciki kuwa alli ne da ƙamshin na'ana'a. Duba lambar kaya da ranar lalacewa da aka danna a gindin bututun, dole su dace da na kwali. Rubutu mai gogewa da yatsa, kuskuren harafi, man da ya tsinke yana fitar da ruwa, duk alamu ne. Wanda ya shigo ta Ɗan Isa daga Najeriya a nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ko da yake ita ma ana kwaikwayonta, don haka farmasi ya fi tebur. Ko na asali ne, in ya yini a rana kan tire ya yi ta gasuwa, ban yarda da shi ba. Arha fiye da kima ma abin gudu ne. Haka ruwan kwalba marar suna da masu lasifika ke cewa yana fitar da tsutsar haƙori: babu wata tsutsa, ruɓa ce. Kuma kada a ɗora asfirin a kan dasashi, ƙuna yake bari.

Idan zogin ya daɗe bayan sanyin ya wuce, ko ya hana barci, ko kunci ya kumbura, ko haƙori ɗaya ke sara in an tauna, wannan na iya zama kogo ko tsagewa. Babu man da zai warkar da shi, sai a je likita a duba.