Ruwan CASS-6 na Kanada, ma'aunin tantance gwajin ƙarafa a ruwan gaɓar teku

Duk wanda ya taɓa auna dalma ko kadmiyom a ruwan gaɓar teku ya san cewa na'ura ba ta ƙin ba shi lamba. Wahalar ita ce ya tabbatar lambar ta ruwan ce, ba ta ƙurar ɗaki ko dattin kwalba ba. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, alhali dalmar da ake nema sau da yawa ba ta kai ko maikirogiram ɗaya (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) ba, kuma gishirin kansa yana rikita na'urar auna ƙarafa ta ICP-MS, yana toshe ƴan ƙofofinta.

Saboda haka nake ganin CASS-6, wanda Hukumar Bincike ta Ƙasa ta Kanada take sayarwa, ya cancanci kuɗinsa. Ruwan teku ne na gaske da aka ɗebo a tashar jiragen ruwa ta Halifax, aka tace shi, aka zuba masa asid na naitirik har ya sauka zuwa pH 1.6 a ma'aunin tsami domin kada ƙarafan su maƙale a jikin kwalbar roba. Yana zuwa da takardar shaida mai bayyana adadin tagulla, tutiya, baƙin ƙarfe, nikel, dalma da kadmiyom, tare da iyakar kuskuren kowanne. Idan mai gwaji ya bi da shi ta hanyar da yake bi da nasa samfurin, sannan tutiya ta fito sama da abin da takardar ta ce, to ya san gurɓata ta shigo daga wajensa, kuma yawanci safar hannu ko murfin kwalba ne sanadi. Wannan fallasar ce na fi daraja shi a kanta, domin ruwan da aka haɗa da gishiri a ɗakin gwaje-gwaje ba ya iya yin ta.

Yana da iyaka, kuma ya kamata mai saye ya sani. Tun da an tace shi, bai ce komai ba game da ƙarfen da ke manne da laka. Ba ya kuma aiki wajen tantance zaiba. Wannan sai a nemi BCR-579, wani ruwan teku na tantance gwaji daga Turai. Kwalbar ma ba ta da girma, don haka a riƙa tsiyayo kaɗan cikin wani mazubi da aka wanke da asid, kada a taɓa tsoma bututun ɗiba a cikin uwar kwalbar.