Ƙura da tsatsa a cikin kwalba: wasiƙa daga Nottingham zuwa Kofar Ruwa

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran shago, na ga saƙonka a kan hoton 'yar motar yaƙin nan da na turo, inda kake tambayar a wace bola na tsinto ta, kuma me ya hana ni wanke ta kafin in ɗauki hoto. Sabuwa fil na saye ta a kwali, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, kuma duk dauɗar da ka gani a jikinta ni na zauna na shafa mata da burushi har dare uku. Tun da kai ka shafe shekaru kana mayar da tsohuwar mota sabuwa da fenti, na ga ya kamata in ba ka labarin mutanen da ke biyan kuɗi don su mayar da sabuwa tsohuwa, da irin kayan da ake sayar musu, da yadda shagunan ƙasar nan ke mu'amala da su.

Asalin abin wasa ne na yaƙi a kan tebur. Mutum biyu sukan jera rundunoninsu a tebur mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, a auna tafiyar kowane soja da tef ɗin awo, a jefa ƙwaya irin ta ludo don a san wanda harbinsa ya samu. Tsayin soja ɗaya wajen milimita 28 ne, kuma a warwatse ake sayar da shi, kai daban, hannu daban, duk launin toka, sai mai shi ya harhaɗa ya yi fenti. Yawancin waɗanda na sani a nan sun fi daɗewa a kan fentin fiye da wasan kansa.

Garin da nake zaune shi ne cibiyar sana'ar. A nan hedikwatar Games Workshop take, kamfanin da aka kafa a Landan a 1975, wanda ya fito da wasan Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987. Wasu daga cikin tsofaffin ma'aikatansa sun buɗe nasu kamfanonin a garin, irin su Warlord Games da Perry Miniatures, masu yin sojojin yaƙe-yaƙen tarihi. Abin ya tuna mini yadda yaron shago yake samun 'yanci ya kafa rumfarsa kusa da ta maigidansa, har unguwa guda ta zama ta sana'a ɗaya, kamar yadda aka san Kofar Mata da rini.

Fentin da ake amfani da shi na akirilik ne, da ruwa ake sirka shi, ba ya warin da ke sa muku ciwon kai a shago. Kwalbar Citadel, wato fentin Games Workshop, mililita 12 ce, a kan kusan fam 3, wato in da lita guda za ka tara sai ka sayi wajen kwalba 83 ka kashe fiye da fam 200, kuɗin da na san zai sa ka riƙe baki. Na Vallejo daga Sifaniya yake zuwa, a kwalba mai ɗan tsukakken baki da ake ɗigawa, kuma na fi son irin wannan, domin ina fitar da ɗigo biyu in mayar da murfi. Mai faɗin baki kuwa sau biyu ina barin murfinta bai zauna daidai ba, na dawo na tarar fentin ya daskare kamar ƙanzo. Dalilin tsadar biyu ne. Garin launin an niƙa shi ya yi laushi ƙwarai, don kada ya cike zanen maɓalli ko igiyar takalmi da ke jikin soja. Sa'an nan launin ba ya canzawa: in ka sayi kore mai suna kaza yau, ka koma bayan shekara uku ka nemi sunan nan, shi za a ba ka, rundunarka ba za ta fito rabi kore shar rabi koren ganyen kuka ba. A wajen haɗa launi da ido ban ga wanda ya kamo ƙafarka a nan ba, amma kai ma ka sha kawo kukan gwangwani biyu masu tambari ɗaya da ke ba da launi biyu, ko wanda aka sirka tun kafin ya iso hannunka. Wannan tabbacin shi ne rabin abin da Bature yake biya.

A burushi, shawarata ita ce a sayi mai kyau guda ɗaya tak. Wanda ake ji da shi shi ne Series 7 na Winsor & Newton, da gashin wata 'yar dabba ta Siberiya ake yin sa, ƙaraminsa ma ya haura fam 10, kuma amfaninsa shi ne bakinsa yana komawa tsini bayan kowane ja. Sauran aikin duk na banza ya ishe shi. Ƙwararru da dama a nan burushin da mata ke shafa hoda suke amfani da shi wajen goge saman abu da busasshen fenti, irin wanda za ka samu a Kasuwar Sabon Gari ba tare da ka ji a aljihu ba.

Tsarin aikin ba zai yi maka baƙunta ba. A fara fesa shafin farko don fenti ya kama, a bi da launi siriri sau biyu maimakon mai kauri sau ɗaya, a zuba wani ruwa mai duhu da ke gangarawa cikin lunguna ya fito da inuwa, a ƙarshe a haska gefuna. A 2019 Citadel ya fito da fentin Contrast mai yin launi da inuwa a shafa ɗaya, ya kuma taimaki masu gaggawa.

Inda abin ya fi jan hankalina shi ne tsofar da kaya, domin a nan ne aka fi sayar da abin da mu muke sharewa daga tsakar gida. Kamfanonin AK Interactive da Ammo, duka na Sifaniya, suna da garin ƙura kala-kala, da ruwan tsatsa, da laka mai kauri, da abin da ke kwaikwayon baƙin mai da ya zubo daga inji. Da idona na ga kwalba an rubuta mata ƙurar Arewacin Afirka, na tsaya ina dariya ni kaɗai har mai shago ya tambaye ni ko lafiya. Dabarun kuwa akwai hikima a cikinsu. Don a nuna inda fenti ya ɓamɓare, sai a yagi ɗan soso a tsoma a ruwan kasa mai duhu, a goge mafi yawansa a takarda, a riƙa dangwalawa a bakin ƙofa da matakala da gefen boneti. Akwai wadda ta fi wannan: a shafa launin tsatsa a ƙasa, a fesa man feshin gashi, a rufe da ainihin launin motar, bayan ya sha iska a bi da jiƙaƙƙen burushi, ruwan ya narkar da man da ke tsakani, fentin sama ya riƙa ɓallewa yana tona tsatsar. Wasu gishiri suke barbaɗawa a kan jiƙaƙƙen jiki kafin feshi, in ya bushe su kakkaɓe.

Sai dai kwalba ba ta gaya wa mutum inda zai sa abin da ke cikinta. A ƙungiyar da nake zuwa wasa na ga motocin yaƙin hamadar Libiya da Masar na 1940 zuwa 1943 an lafta musu taɓo da tsatsa har wuya, saboda mai fentin abin da idonsa ya saba gani ke nan: a Ingila ruwan sama ne da gishirin da ake watsa wa tituna lokacin sanyi suke cin mota daga ƙasa. Ni da na tashi a Kano na san rana daga sama take cin fenti, shi ya sa rufin A Daidaita Sahu yake koɗewa ya yi fari-fari alhali gefensa yana nan ruwan ɗorawa. Na san ƙurar hunturu daga sama take sauka, mai laushi ce mai haske, tana kwanciya a duk inda ya shimfiɗu, ta jan ƙasa kuwa taya ce ke tayar da ita, don haka daga ƙasa take hawa tana raguwa. Inda hannu ke yawan taɓawa yakan yi sulɓi, inda mai ya tsattsafo ƙura takan manne ta yi baƙi, ruwan farko na damina kuma yakan ja layi-layi a jikin ƙurar maimakon ya wanke ta. Da na yi motar nan bisa wannan, sai aka taru ana tambayata wane kamfani ne ya yi garin da na yi amfani da shi, alhali allin zane ne na kankare da wuƙa na gauraya.

Saboda haka, in yaran shago suna sha'awar gwadawa, kada su kashe ko sisi a kan ƙura. Yashi da aka tankaɗe da rariya aka shanya, da farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, sun isa yin ƙasar da soja ke tsaye a kai. Gawayi da aka niƙa yana ba da baƙin hayaƙin salansa, soson ƙarfe da aka jiƙa aka bari ya yi kwanaki yana ba da tsatsa ta gaskiya, kwali da kara kuma suna yin ganuwa da rumfa, aikin da duk wanda ya taɓa ƙera motar kara yana yaro ya riga ya iya rabinsa. Abin da ya kamata su kiyaye shi ne yanayi. A hunturu fentin ruwa zai bushe a bakin burushi kafin ya kai jikin soja, maganinsa kuwa shi ne a sa jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai murfi, a shimfiɗa takardar gashin kek a kai, a riƙa ɗiga fentin a kanta. Feshi da sassafe ya fi, domin a tsakar rana yakan bushe a iska ya sauka kamar yashi, kuma a kifa kwano a kan abin da aka gama. Mafi muhimmanci, kada tinar fentin mota ta kusanci robar da aka yi sojojin da motocin da ita, domin narkar da ita take yi. Mu a nan damuwarmu laima ce: in aka fesa shafin ƙarshe a ranar da gari ya jiƙe, sai ya yi hazo-hazo ya dusashe aikin mako guda.

Yanzu ina kan fentin sojojinmu na yaƙin Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, wato runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. A nan na gane cewa launin fata ma sai an koya. In aka haska baƙar fata da fari, sojan yakan fito kamar yaron da hunturu ya busar bai shafa mai ba. Ruwan kasa mai ɗan ja ake ƙarawa a goshi da kumatu, a sa ɗan shuni a inuwa. Burina na gaba mahayan Kano ne na 1903, shekarar da Turawa suka ci birnin. A shagunan da na zagaya ban ga mai lifidi irin namu ba, don haka zan ɗauki dawakin yaƙin Mahadi na Sudan in ɗora musu lifidi da wani ƙulli mai kashi biyu, rawaya da shuɗi, da ake murzawa har ya zama kore, ɗan'uwan abin da kuke cike lotsewar mota da shi. Na san Baba zai tayar da batun halaccin yin siffar mutum. Wannan magana ce ta malamai, kuma ka gaya masa mafi yawan abin da ke kan teburina motoci ne da ganuwa.

Ta fuskar mu'amala, akwai abin yabo a nan. In ka shiga shagon Warhammer ka ce ba ka taɓa yi ba, za a zaunar da kai a ba ka soja ɗaya da burushi a koya maka kyauta, domin sun san wanda ya gama na farko zai dawo sayen goma, kwalin goman kuma yakan haura fam 30. Abin da ka saya ta intanet doka ta ba ka kwana 14 ka fasa, kuma da na taɓa samun kwali da hannun soja ɗaya ya ɓace, hoto kawai na tura aka aiko mini da wani ta gidan waya. Amma farashin da ke manne shi ne farashi, babu tayi, babu gyara, babu in kawo ciko gobe, kuma ba wanda zai tsiyaya maka rabin kwalba. Da ɗan injin feshina ya daina tara iska, kuɗin dubawa kaɗai ya kusa na sabo, sai kowa ya ce in jefar, abin da na tabbata yaro a layinku zai kwance ya sauya masa roba kafin la'asar.

Ta hannun mai zuwa gida hutun Sallah zan aiko da burushi mai kyau guda biyu, da kwalaben fenti goma sha biyu, da motoci uku da ba a harhaɗa ba. Gwangwanin feshi ba a yarda a shiga jirgi da shi ba, sai ku gwada shafin farko da burushi. Na so in ce ka ɗebo mini jan ƙasa a leda, to dokar ƙasar nan ta hana shigo da ƙasa daga waje, don haka hotuna nake roƙo: bayan babbar motar hatsi a Dawanau, daga taya har zuwa saman bodi; jikin badala washegarin ruwan sama; da doki mai lifidi a Hawan Daushe, daga gefe da kuma daga baya. A ɗauka da hantsi, kada a sa hasken waya, kuma don Allah ka hana yara goge motar kafin su ɗauka.