Zaman sauraren waƙoƙin Xhosa a wani ɗakin karatu na Birni

Wani ɗakin karatu mai zaman kansa da ke unguwar Birni, a nan Damagaram, yana shirya zaman sauraren waƙe bayan sallar la'asar, kuma na biya dala ɗari na halarci zaman da aka keɓe wa waƙoƙin Xhosa na Afirka ta Kudu, waɗanda suke kuka da yadda makarantar boko take raba yaro da harshen gidansu.

Mai gabatarwar ya san aikinsa. Ya fara da bayanin imbongi, wato mawaƙin da yake yi wa sarki kirari kamar maroƙan fadarmu, amma al'ada ta ba shi izinin gaya wa sarkin laifinsa a bainar jama'a. Ya kawo misalin Mqhayi, wanda ya rasu a 1945, wanda kuma Mandela, lokacin yana ɗalibi a makarantar mishan ta Healdtown, ya gan shi ya shigo zauren sanye da fatar damisa, riƙe da mashi. Shi kansa Mandela sunansa na yanka Rolihlahla, malamarsa ce ta laƙaba masa Nelson a ranar farko da ya shiga aji. Da aka zo nan, wani dattijo da ke gefena ya ajiye carbinsa, ya ce mini a hankali: "Ɗana, mu kuma sambol aka rataya mana." Yana nufin abin da ake rataya wa ɗan lakwal a wuya idan bakinsa ya suɓuce da Hausa. Fassarar waƙoƙin zuwa Hausa da aka yi da baki ta burge ni ƙwarai, domin an zuba ta da salon kirari, har ma bayanin dokar ilimin baƙar fata ta 1953 da boren ɗaliban Soweto na 16 ga Yuni 1976 bai gundure mu ba.

Lasifikar ce ta gaza. Sautukan ƙyasta harshe da ake rubutawa da c da q da x, waɗanda su ne adon Xhosa, duk sun nutse cikin ƙugi.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne takardar da aka raba mana, domin fassarar Faransanci kaɗai ke cikinta, a garin da aka fara gwajin koyarwa da Hausa tun 1973. Zan koma, kuma ina shawartar malaman makaranta su je, amma na roƙi mai ɗakin ya buga fassarar Hausar, domin dattijon nan ya samu abin da zai kai wa jikokinsa.