Fensir da gawayi, fenti, ko zanen waya: amsar tambayar ƙanwarmu

Salam 'yan uwa. Ƙanwarmu ta yi tambaya jiya, tace ta daɗe tana zane da fensir da biro a littafi, yanzu ta tara 'yan kuɗi tana so abin ya zama sana'a, shin ta sayi kayan fenti ne, ko ta ƙara tari ta sayi tabilet ta koma zanen kwamfuta, ko kuwa ta zauna a fensir ɗinta. Naga kowa yana yabon abinda ke hannunsa ne, shi yasa nace bari in jera miki su ukun ki auna da kanki.

Ƙanwata kayan zane kashi uku ne. Akwai busassu, wato fensir, gawayi, alli, kirayon da fastel (wani allin launi mai laushi), duk abinda kike gogawa ya bar garinsa a jikin takarda. Akwai masu ruwa, tawada, fentin ruwa, akirilik da fentin mai, su sai da burushi ko alƙalami kuma sai kin jira sun bushe. Sai na na'ura, waya ko tabilet ko kwamfuta. Ni in zan kwatanta su abu biyu nake dubawa, me zai faru in hannu ya goce, sannan in an gama aikin ina za shi, bangon falon wani ne ko wajen firintin.

Mu fara da wanda kike riƙe dashi, dan naga kamar kin raina shi. Abinda ke cikin fensir ba darma bane kamar yadda ake cewa, wani baƙin ma'adini ne girafait da ake kwaɓawa da yumɓu a gasa, wani Bafaranshe Nicolas-Jacques Conté ne ya fito da dabarar a 1795 lokacin da yaƙi ya hana Faransawa samun girafait na Ingila. In yumɓun yayi yawa fensir yayi tauri ya fito fari-fari, shine masu harafin H, in yayi kaɗan yayi laushi yayi baƙi, shine masu B. Wanda muke saya a shagon unguwa HB ne, tsaka-tsaki, kuma shine dalilin da yasa zanen mafi yawan masu farawa yake fitowa toka-toka ba zurfi, ba wai hannunsu ne bai iya ba. Ki samu 2H da 2B da 4B da 6B ki ɗora akan wanda kike dashi, wallahi zanen da kika yi jiya ki sake shi yau sai kin ga kamar ba ke kika yi na farkon ba. Matsalar girafait ɗaya, in kika danna shi sosai yana ƙyalli, in haske ya bugi takardar sai wajen baƙin ya koma kamar azurfa. Gawayi baya haka, baƙinsa baƙi ne ƙirin ko ta ina kika kalla, shi yasa masu zanen fuska suke haɗa su, gawayi a gashi da ƙwayar ido da inuwa mai duhu, fensir a fata. Amma ki fara sa gawayin, dan baya kama wajen da girafait ya riga ya yi santsi.

Wajen kuskure busassu sun fi kowa sassauci a cikin na hannu, kilina ta goge, auduga ko tishu ta baje. Kuma ba ruwansu da wuta, ba ruwansu da jiran bushewa. Inda suke bada wahala shine bayan kin gama, garin yana zaune ne kawai akan takarda, gefen hannunki ko mayafinki ya shafa sai ya ɓata aikin sati guda, fastel ma ya fi gawayi wannan halin. Dole ki saba sa wata takarda ƙarƙashin hannu, in kin gama ki fesa masa fiksatif, wato ruwan feshin da ke manne garin a jikin takarda, ko ki kai a sa shi a firem mai gilas. Sannan suna cin lokaci ba kaɗan ba in irin zanen nan ne mai kama da hoton kyamara.

Kar kuma wani yace miki fensir matakin yara ne. Eli Waduba Yusuf daga Kaduna da fensir ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart a 2019, ya sa a Twitter, mutumin ya gani da kansa yace zai saya. Kareem Waris yana shekara 11 ya zana shugaban Faransa Macron a Legas a 2018, shima da busassun kaya ya yi suna. Ba burushi ba kwamfuta.

Toh masu ruwa kuma ba jinsi ɗaya bane, nan ne mutane ke yin asarar kuɗi dan sai su shiga shago suce a basu fenti kawai. Fentin ruwa shine mafi kusa da abinda muka sani, garin launi ne da aka haɗa da ƙaro, ƙaron nan dai na ɗakwara da ake samu a Sudan da Chadi da su Yobe da Borno da Jigawa, wanda malamanmu ke sawa a tawadar allo dan ta kama. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai zayyana yana aiki ya san irin nutsuwar da tawada ke nema. Fentin ruwa haka yake, shara-shara ne, ana ganin abinda ke ƙasansa, farin da ke cikin zanen farin takardar ne da kika bari, dan haka daga mai haske ake farawa a tafi mai duhu. Kamar gishiri ne a miya, ƙarawa ba wuya, ragewa ce babu. Ya fi sauran fenti arha kuma ba wari, amma gaskiya shi yafi su wuyar sarrafawa, kuma ba'a yinsa a takardar firinta mai giram 80, tana jiƙewa ta kumbura ta yage, sai tasa mai kauri ta giram 300, ita kuma takardar wani lokaci tafi fentin tsada.

Akirilik shima da ruwa ake sirka shi, amma in ya bushe roba yake zama, ruwa baya sake narkar dashi. Amfaninsa kenan kuma illarsa kenan. In kin kuskure ki jira 'yan mintuna ki shafe da wani launin, shikenan ya rufe, kuma yana kama kanbas da katako da bango da ƙyalle da tukunyar ƙasa. Amma a hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙamas, kafin ki gama haɗa launi a faranti ya fara yin fata, sai kin ajiye 'yar kwalbar feshin ruwa kusa dake kina yayyafawa, kuma burushin da kika manta baki wanke ba ki ɗauka ya tafi. Yana kuma ɗan ƙara duhu bayan ya bushe, launin da kika gani a jiƙe ba daidai shi zai zauna ba.

Fentin mai shine nake ƙauna a raina kuma shine bazan ce ki fara dashi ba. Shi ba ruwa ne ke tashi daga jikinsa ya bushe ba, man linsid da ke ciki ne yake shan iska a hankali yana daskarewa, shi yasa yake kwanaki a jiƙe, in yayi kauri har makonni, kuma sai yayi kamar wata 6 kafin a shafa masa banish. Wannan jinkirin ne yake bada damar ki narkar da launi cikin launi har ba'a ganin inda suka haɗu, ba abinda ke fidda fatar mutum da gajimare kamarsa. Marigayi Gani Odutokun da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya har tsinka shi yake yi ya zuba akan kanbas ya barshi ya gangara. Amma ki tuna ƙurarmu, zane yana jiƙe kwana da kwanaki a ɗakin da ake buɗe taga a watan Janairu, duk abinda iska ta kwaso sai ya manne a jiki. Ga tina da ake wanke burushi da ita, warinta a rufaffen ɗaki yana sa ciwon kai, gidan da ke da ƙananan yara ko mai asma ba wajenta bane. Akwai kuma ƙa'idar da in kika saɓa zanen zai tsage daga baya, shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai.

Na na'ura kuma wajen kuskure ba wanda ya kama ƙafarsa, ki danna komawa baya sau nawa kike so, ki raba zanen leya-leya, layi daban launi daban bayan hoto daban, mai aiki yace canza mini launin rigar nan ki canza cikin minti ɗaya ba tare da kin taɓa sauran ba. Launi baya ƙarewa, takarda bata ƙarewa, gara bata ci, damina bata sa masa fumfuna. Kuɗinsa a farko yake, kuma ba dole ya kai yadda kike tsoro ba, ibisPaint X kyauta ne a wayar Android sai dai talla, Krita kyauta ne a kwamfuta, Procreate kuwa sai a iPad kuma sayensa ake sau ɗaya, Photoshop kuɗin wata-wata. Akwai allunan zane marasa sikirin na Wacom da Huion da XP-Pen da ake jonawa da kwamfuta, sun fi masu sikirin sauƙi nesa, sai dai zaki ɗau kwanaki kafin ki saba hannu yana ƙasa ido yana sama.

Nasa matsalolin kuma daban ne. Ranar da ba wuta ba caji ba aiki. Waya in ta ɓata ko aka ɗauke, duk abinda baki ajiye a wani waje ba ya tafi da ita. Sai babbar wadda ke haɗa masu zane faɗa da masu firintin, sikirin da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, inji kuma da tawada huɗu yake bugawa, dan haka shuɗin nan mai walƙiya da kika gani a waya in ya fito a takarda sai ya dushe. Ki saita aikin a CMYK, wato tsarin tawada huɗun nan, in bugawa za'ayi, ki buɗe shi da girman da za'a buga a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, tun daga farko, kuma in zaki tura ta WhatsApp ki tura a matsayin dokumen, in kika tura a hoto matse shi yake ya lalace.

Abinda yafi damuna dashi ga mai koyo shine wannan sauƙin gyaran. Mutum sai ya ja layi sau goma yana gogewa har ɗaya ya faɗa daidai, bai taɓa koyon ya kalli abu da kyau kafin ya sa hannu ba, ko ya ɗora hoto a ƙasa yana bin layinsa ya ɗauka ya iya. Na'ura bata koyar da inda haske ke faɗawa da inda inuwa ke kwanciya, wanda ya kawo wannan ilimin daga takarda shi take yiwa amfani. Osinachi ɗan Aba da Microsoft Word yake zanensa, manhajar buga wasiƙa, kuma an sayar da aikinsa a gidan gwanjon Christie's a 2021, kinga idon ne aka saya.

Yanzu maganar kasuwa, wadda nasan ita ce ainihin tambayar taki. Aikin hannu, busasshe ko mai ruwa, guda ɗaya ne tak a duniya, mai saye zai rataye shi ya san ba wanda ke da irinsa, kuma akan haka kike sa kuɗi. Zanen fuska na kyautar biki ko na iyaye fensir da gawayi suka fi tafiya, adon falo da ofis da rubutun ayoyi masu girma akirilik ne, dan akwai gidaje da yawa a wajenmu da baza su rataye hoton mai rai ba amma zasu sayi rubutu mai kyau ko zanen ƙofar gari da dagi. Aikin na'ura kuwa ba'a sayen guda ɗayan, amfaninsa ake saya, bangon littafi, katin ɗaurin aure, kalanda, tambarin shago, hotunan littafin yara, kuma mai aikin yana iya zama a Yamai ko Kumasi ki tura masa ba kuɗin mota. Sai dai ana kwafe shi cikin sauƙi, kuma yanzu ga manhajojin da ke ƙirƙiro hoto da kansu sun karya farashin ƙananan ayyuka, abinda basu taɓa ba shine zanen da mutum ya san hannu ne ya yi masa.

Dan haka shawarata ƙanwata, kar ki zuba duka kuɗin a waje ɗaya kuma kar ki ajiye fensir. Ki fara da cika saitin fensir ɗin, gawayi, kilina mai laushi irin wadda ake murzawa kamar cingam, da takarda mai kauri, ki dage akan haske da inuwa har sai kin iya zana buta ko ƙwarya ta fito kamar a ɗauka. In masu tambayarki aiki na bango suke so, ki sayi akirilik launi kaɗan, ja, rawaya, shuɗi, fari da ruwan ƙasa, farin ki sayi babba dan shi ke fara ƙarewa, sauran launukan ki koyi haɗa su. In kuma kati da bangon littafi ake tambayarki, kar ki sayi tabilet tukuna, ki zana a takarda, ki ɗauki hotonsa a hasken rana ta taga, ki shigar dashi ibisPaint ki sa launi a wayar da ke hannunki. In aiki ya fara shigowa har wayar ta miki kaɗan, kuɗin aikin ne zai sayi tabilet ɗin. Ki turo mana zane biyu ko uku cikin waɗanda kika yi kwanan nan, ɗaya na fuska ɗaya na wani abu daban, sai mu gaya miki wane fensir ne ya kamata ki fara saya. Allah ya sa wa hannun albarka.