Farfelar Hilux: sabon kuros ko ta gwanjo sukutum?

Malam, tsakanin sayen farfela (dogon bututun ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya) ta gwanjo da canza kuros (mahaɗarta mai siffar gicciye da kofuna huɗu) da boris na tsakiya (wanda ke riƙe ta a tsaka) a kan wadda ke jikin Hilux ɗinka, ni ina bayan na biyun. Sai dai kada ka fitar da ko sisi tukuna, domin abin da ka bayyana, wato rawar da motar ke yi idan gudunta ya haura kilomita 80 a awa da kuma tayoyin gaba da ke cinyewa ta gefe ɗaya, yana iya zama matsaloli biyu da ba su da alaƙa da juna, kuma farfela ba ta cin taya.

Ka hau titi mai kyau ka lura da inda karkarwar take fitowa. Idan a sitiyari kake jin ta, kuma ba ta canzawa ko ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa, to ka fara da tayoyin gaba: ko balansin ya tafi, ko rim ya lanƙwashe, ko tayar ta yi ƙari. Idan sai ka taka birki take zuwa, faifan birki ne. Idan kuwa a kujera da ƙasan mota kake jin ta, wata irin tsuma mai sauri wadda har madubi ke dishewa, tana ƙaruwa in ka taka totur tana raguwa in ka saki, wannan aikin farfela ne, saboda tana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka rawarta ta fi ta taya sauri nesa ba kusa ba.

Gaban motar kuma sai an ɗaga shi da jak. A kama taya sama da ƙasa a jijjiga, idan ta yi wasa to bol-joyin ne ko boris na taya. A kama ta hagu da dama, idan ta yi wasa to tayarod ne ko rak-en. Waɗannan su ne ke sa mota yawo a titi, da ƙwanƙwasa a kan gargada, da cin taya ta gefe. Kada ka yarda a yi maka alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, kafin a canza abin da ya mutu, domin kuɗin zai tafi a banza.

Tawa Hilux ce ta 2010 mai injin dizal 2.5, kuma buhunan hatsi take ɗauka zuwa Dawanau, ba yawon gari ba. Lokacin da ta fara wannan tsuma, bakanikena ya ajiye ta a wuri mai daidai, ya sa wa tayoyi waigi, ya fitar da giya, ya shiga ƙarƙashi ya murɗa farfelar da hannu. Kuros na baya yana wasa, kuma ga jan gari kamar tsatsa a bakin kofunansa, alamar giris ya ƙare ƙananan alluran ciki suna cin juna. Robar boris na tsakiya ita ma ta tsage, wanda shi ya sa motar ke girgiza a lokacin tashi da kaya. Abin da ya burge ni shi ne, kafin ya kwance ko noti ɗaya sai da ya ɗauko fenti ya yi alama a kowace mahaɗa, domin farfelar Hilux mai ƙofa huɗu gida biyu ce, kuma an daidaita nauyinta tun daga kamfani. Idan aka mayar da ita haƙori ɗaya a karkace, za ta yi rawa ko da komai nata sabo ne. Ya sa kuros na kamfanin GMB da sabon boris, ya ɗura giris har sai da ya fito ta kofuna huɗun, kuma tun daga ranar motar ta yi tsit, damina ta zo ta wuce ba ta sake yin magana ba. Duk lokacin da na canza baƙin mai nakan sa a ƙara wa kuros ɗin giris, musamman bayan an shiga ruwa.

Ita ta gwanjo, amfaninta ɗaya ne: idan bututun taka ya lotsa ko ya lanƙwashe, ko haƙoran da ke zamewa sun cinye, ba ka da wata mafita sai ita. In ban da haka, tsohon kuros ne na wani za ka saya da tsada, ba ka san irin wahalar da ya sha ba, ga kuma yiwuwar tsawonta ya saɓa da taka, tunda ta mai jan ƙafa huɗu daban take da ta mai jan baya kawai.

Ko da ba ka tambaya ba, ka yi hattara da masu kaya. Akwai waɗanda ke wanke farfelar da aka cire a nan gida, su fesa mata baƙin fenti su ce daga waje ta zo, wani lokaci ma an yanke ta an yi walda, kuma wadda aka yi wa haka da wuya ta sake daidaita. Ka duba ko ƙananan ƙarafan nauyi da ke manne a jikin bututun suna nan. Kwalayen GMB da na 555 (masu yin kayan gaba irin su bol-joyin da tayarod) kuwa ana buga jabunsu saboda ana nemansu, don haka idan aka yi maka farashi mai araha fiye da kima, ka ajiye ka yi gaba. Ka je kasuwa da tsohon a hannunka, a gwada tsawo da faɗin kofi a gabanka, kuma ka sa sharaɗin mayarwa kafin ka biya.

Ka fara da balansin tayoyi tunda shi ya fi araha, sannan a ɗaga gaba a canza abin da ke wasa da na 555, a yi alaimen daga baya. Idan bayan haka tsumar ƙarƙashin kujera tana nan, ka sayi kuros da boris sababbi ka bar farfelarka a inda take. Ka kuma sa a duba sifirin na baya, domin idan lodi ya kwantar da shi yana canza kusurwar farfela, kuma sabon kuros ɗin ba zai daɗe ba.