Tsohuwar motarka: ka riƙe ta ko ka rabu da ita?

Akwai ranar da kowane mai mota ke shiga lissafi. Bakanike ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu, ya jero maka abubuwan da za a canza, kai kuma kana tsaye kana tambayar zuciyarka ko lokacin rabuwa ya yi. Hanya uku ce a gabanka: ka gyara ka ci gaba da hawa, ka sayar ka ɗauki ta hannu mai ƙarancin shekaru, ko ka sayi sabuwa fil. Yawancin mutane da kuɗin gyara kaɗai suke auna wannan shawara. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran da ke zaune a kujerar baya.

Ta fuskar kuɗi maganar ba ta da tsawo. Sabuwar mota tana zubar da mafi yawan darajarta ne a shekarunta na farko, kuma sau da yawa gyaran shekara guda na tsohuwa bai kai abin da sabuwa za ta ci maka ba. Injinan zamani suna da juriya idan ana canza musu baƙin mai a kan lokaci. A Amurka, matsakaicin shekarun motocin da ke kan titi ya haura 12. Don haka tsufa kaɗai ba laifi ba ne. Sai dai tsufan mota iri biyu ne. Akwai na lalacewa, wanda kuɗi ke gyarawa. Akwai kuma na ƙira, wanda ko bakanike ya kwana a kanta ba zai iya sauya shi ba.

Na sha jin ana cewa motocin da sun fi ƙarfe, na yanzu kuwa gwangwani ne, da an taɓa su sai su lotsa. Lotsawar nan da gangan aka tsara ta. Gaban motar ne ke murƙushewa ya shanye ƙarfin karon, ɗakin da mutane ke zaune ya tsaya cik. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, mai gwajin karon motoci, ta haɗa Chevrolet Bel Air ƙirar 1959 da Chevrolet Malibu ƙirar 2009 suka yi karo gaba da gaba. Ɗakin tsohuwar ya rufta, sitiyari ya taso ya daki mutum-mutumin da aka zaunar a kujerar direba. Ɗakin sabuwar kuwa ya tsaya da siffarsa. Wanda ya kalli hoton bidiyon nan sau ɗaya, da wuya ya sake yabon nauyin ƙarfe.

Kayan kariya ba rana ɗaya suka shigo mota ba. Bel ɗin kujera mai ratsa ƙirji da ƙugu, Nils Bohlin ne ya ƙera shi a kamfanin Volvo a 1959. Birkin ABS, wanda ke hana taya maƙalewa idan ka taka da ƙarfi, ya fito a Mercedes a 1978. Amma abin da nake so ka fi nema shi ne ESC. Na'ura ce da ke lura da inda sitiyarinka ya nufa da inda motar take tafiya a zahiri. Idan ta ga bayan motar ya fara zamewa a kwana ko a kan santsin ruwan sama, sai ta taka birkin taya ɗaya ita kaɗai, ta rage ƙarfin inji, ta dawo da motar kan hanya kafin ma direba ya farga. Jakar iska, wadda ke kumbura ta tare mutum, tana aiki ne bayan an yi karo, ESC kuwa karon take hanawa. Ta fara fitowa a 1995, Amurka ta wajabta ta a kan sababbin motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. A ganina nan ne iyaka ta gaskiya take. Motar da ba ta da ESC, kowane irin ƙyalli take yi, ta zamanin baya ce.

Kada kuma shekarar ƙira ta ruɗe ka, domin kasuwar da aka yi wa motar ma tana da tasiri. A 2016 an gwada karo tsakanin Nissan Tsuru da ake sayarwa a Meziko a lokacin, wadda ba ta da jakar iska, da Nissan Versa ta kasuwar Amurka. Shekara ɗaya ce tsakaninsu, kamfani ɗaya ya ƙera su, amma Tsuru ce ta ragargaje. Saboda haka ka duba motar da ke gabanka da idonka, ka kuma nemi sakamakon gwajinta a wurin hukumomi irin su Euro NCAP, wadda ta fara aiki a 1997.

Sai tsufan lalacewa. Ka fara da taya. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba tana bushewa ko da zanenta bai cinye ba, kuma masu ƙera taya da yawa suna cewa kada ta wuce shekara 10 komai kyanta. Man birki yana tsotsar danshi, shi ya sa ake so a canza shi kusan duk shekara biyu, amma ƙalilan ne ke tunawa da shi. Idan injinka da bel ɗin roba yake daidaita lokacinsa, ka canza shi a wa'adin da littafin motar ya faɗa, domin a wasu injina tsinkewarsa na nufin asarar injin gaba ɗaya. Ka ja bel ɗin kowace kujera da ƙarfi ka ga ko zai cije. Ka murɗa makulli ka zuba wa fitilar jakar iska ido: ya kamata ta kama, bayan ɗan lokaci ta mutu. Wadda ba ta kamawa sam, wataƙila wani ne ya kashe ta don ya ɓoye matsala.

Jakar iska ma tana da tarihin da bai kamata a manta ba. Miliyoyin motoci aka kira gyara saboda jakunkunan kamfanin Takata, waɗanda sinadarin cikinsu ke lalacewa a zafi da danshi, har ya fashe ya watsa ɓaraguzan ƙarfe a fuskar direba. Mutane sun mutu ta haka. Ka ɗauki lambar da kamfani ya buga a jikin motarka (VIN) mai haruffa da lambobi 17 ka bincika ko tana cikin waɗanda aka kira.

Abin da ba na sasantawa a kansa shi ne tsatsa a ƙashin motar. Na taɓa raka ƙanena duba wata mota mai sheƙin fenti. Bakaniken da muka je da shi ya kwanta da tocila, ya dunguri ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa da sukudireba, sai ga shi ya huda kamar busasshen ganye. Ya ɗago ya ce, “Maigida, wannan ba ta ɗaukar iyali ba ce.” Haka motar da ta taɓa mummunan haɗari aka miƙe ta aka yi walda. Ƙarfen da ya lanƙwashe sau ɗaya ba zai sake shanye karo yadda aka tsara shi ba.

Idan motarka tana da ESC da jakunkunan iska na gaba da na gefe, ƙarƙashinta lafiya lau, ka kuma san tarihinta, ka riƙe ta ko da ta kai shekara 12 ko 15, ka zuba kuɗinka a taya da birki. Idan ba ta da su, ta hannu mai shekara huɗu zuwa shida ita ce ta fi dacewa da yawancin mutane: wani ya riga ya ɗauki faɗuwar daraja, kai ka samu kariyar zamani. Sabuwa fil tana zuwa da ƙari, musamman birkin da ke taka kansa idan ya hango karo, wanda Turai ta wajabta wa duk sababbin motoci daga Yulin 2024. Mai yawan doguwar tafiya ko tuƙin dare zai ci moriyarsa, muddin biyan kuɗinta ba zai hana shi kula da ita ba. Wadda duk za ka ɗauka, ka je da bakanikenka da rana tsaka, a ɗaga ta sama, ku shiga ƙarƙashinta da tocila kafin a fara maganar ciniki.