Na biya kuɗi aka bi min tsatson uwa, ga abin da na samu

A gidanmu an daɗe ana cewa kakar kakata ta wajen uwa Buzuwa ce daga Agadas, wai ayarin fatake ne ya kawo ta Kano. Da yake mu ta uba muke lissafin asali, babu wanda ya taɓa bin diddigin maganar. Shi ya sa na sa ƙanina da ke karatu a Amurka ya saya min gwajin mtDNA, wato gwajin DNA mai bin tsatson uwa, daga wani kamfani a can, dala ɗari da ɗoriya.

Abin da ke cikin ambulan ɗin bai taka kara ya karya ba: tsinke biyu masu kan auduga da 'yan kwalabe biyu. Kurum ka goga a cikin kumatu, ka rufe, ka mayar. Inna na zaune tana kallona, ta ce, "Yanzu ɗan yawun nan ne zai gaya maka su wa suka haife ni?" Sai da na jira kusan wata biyu.

A cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai mitokondiriya, masu samar musu da ƙarfi, kuma suna da nasu DNA daban, haruffa 16,569 kacal. Uwa kaɗai ke gadar da shi. Ni na karɓa daga Inna, amma 'ya'yana na mahaifiyarsu suka ɗauka, ƙanwata ce za ta miƙa namu gaba. Nan ne gwajin ya burge ni. Da irin wannan DNA ɗin Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson suka yi nazarin mutum 147 a 1987, suka nuna cewa zaren uwa na duk mutanen yau ya haɗu a kan mace ɗaya a Afirka, kimanin shekara 200,000 da suka wuce. An laƙaba mata sunan Hauwa'u, amma sunan aro ne, don ba ita kaɗai ce mace a zamaninta ba. Zuriyarta ta rabu rassa-rassa, kowane reshe da lambar da masana suka ba shi. Reshen L3 ne ya fita daga Afirka ya haifi rassan M da N, waɗanda kusan duk Turawa da Sinawa da Indiyawa suke ƙarƙashinsu.

Nawa reshen L2a1 ne. Taswirar da suka zana min tana da kyau, sai dai reshen ya watsu tun daga Senegal har Sudan da Mozambik. Akwai Hausawa a ciki, akwai Buzaye, akwai Yarbawa. Kenan maganar Agadas tana nan inda na bar ta. Idan ka koma baya zuriya goma kakanninka 1,024 ne a lissafi, gwajin kuma mutum ɗaya yake gani a cikinsu.

Abin da ban zata ba shi ne jerin "dangi" da kamfanin ya turo min, wato waɗanda sakamakonsu ya yi daidai da nawa. Kusan duk baƙaƙen fatar Amurka ne, don a cikin masu wannan reshen su suka fi yin gwajin, kuma cinikin bayi ya kwashi L2a da yawa zuwa can. Wata dattijuwa ta rubuto min tana murna, tana tambayar wace ƙabila ce tamu, wane gari. Na rasa amsar da zan ba ta, na dai tura mata hoton ƙofar gidanmu.

Tauraro uku cikin biyar nake ba gwajin. Da na karanta wa Inna sakamakon, cewa ta yi, "To ina Agadas ɗin?" ta ci gaba da tsinar shinkafarta.